Kwana Ukun da Mahfuzu Ya Tara

A unguwar Yelwa ta Garuwa, in ka tambayi gidan su Mahfuzu kowa zai nuna maka, amma ba wanda zai yi maka alkawarin za ka same shi. Mutum ne da ba ya iya zama. Shayi ma a tsaye yake shan sa, ƙafa ɗaya a kan dakali, makullin moto, wato babur, yana juyawa a ɗan yatsa. In an idar da sallah, kafin liman ya shafa addu'a shi har ya gano takalminsa. Mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, takan ce tun yana ciki bai bar ta ta huta ba, da ya fito kuma bai tsaya ɓata lokaci da rarrafe ba, miƙewa ya yi kawai ya nufi ƙofar gida.

Gidansu gidan fawa ne tun kaka. Ubansa, marigayi Mahamman, ya ƙare rayuwarsa yana sayo shanu daga Ngawundere yana yankawa a babbar kasuwar Garuwa, kuma an so Mahfuzu ya gaji teburin tunda shi ne babba. Ina! Fawa sana'ar tsayuwa wuri ɗaya ce, kana korar ƙuda kana jiran mai saye, shi kuwa kafin azahar ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Sai ya bar wa ƙannensa wuƙa. Ya yi lekol, wato makarantar boko, daidai gwargwado, Faransancinsa ba laifi, Fulatanci kuwa a titi ya tsince shi kamar kowane ɗan garin. Da wannan baki da wannan ƙafa wani kamfanin maganin dabbobi ya ɗauke shi talla. Yau yana Marwa, gobe yana kasuwar shanu ta Bogo, jibi yana Ngawundere, wani lokacin ya hau jirgin ƙasa zuwa taro a Yawunde, jakarsa cike da allurai da maganin kaska da na tsutsar ciki. Duk wanda ya san shi ya ce an ba shi aikin da ya dace da shi.

Matarsa Hidaya kuwa, ita ce ba ta zuwa ko'ina. Babban gida aka kawo ta, ga surukuwa, ga ƙannen miji samari da ke dawowa daga kasuwa da yunwa, ga 'ya'yanta huɗu, ga baƙin da ba sa yankewa a gidan mahauta. Kafin kiran asuba ta hura wuta, kafin rana ta fito ta dama kunu ta soya ƙosai, sannan ta koma kan na rana. Tsakanin girki da girki tana ƙulla zoɓo a leda tana sa wa a firiji na sayarwa, in an yi sa'a ba a ɗauke wuta ba. Ba ta da ƙorafi, kuma wannan shi ne abin haushin. Mace in ta cika shiru, sai mutanen gida su ɗauka ba ta gajiya.

Wata rana da la'asar, cikin zafin bazara, Mahfuzu ya dawo daga Yawunde ya tsaya a tsakar gida yana ba ƙannensa labarin otal ɗin da kamfani ya sauke su. Ya ce da safe sai ka sauko ka tarar da tebur cike, ƙwai iri-iri, burodi iri-iri, ka ci ka tashi ka bar kwano a nan, wani ne zai ɗauke. Samarin suna ta dariya. Hidaya tana gindin murhu tana tuƙa tuwo, gumi na ɗiga daga haɓarta. Da suka watse ya leƙa ya tambaye ta ko abinci ya kusa, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Baban Fiddausi, wato akwai inda mutum zai farka ya tarar an riga an dafa?"

"Akwai mana."

"Ni in ban da kwanakin jego, tun da na zo gidan nan ban taɓa buɗe ido ba tare da wani yana jiran in ɗora tukunya ba."

Ba da fushi ta faɗa ba, labari kawai ta ba shi, ta ci gaba da tuƙinta. Amma maganar ta shige shi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, kuma da yake shi mutum ne da bakinsa ke riga tunaninsa, nan take ya ce mata, "Zan kai ki. Wallahi zan kai ki inda ba za ki taɓa ko cokali ba sai dai ki ci da shi." Ta yi murmushi ta ce Allah ya sa, ta miƙa masa ludayi ya riƙe mata.

To, da me zai kai ta? Albashinsa na tafiya ne a bakin gida. Sai ya tuna da wani kati da aka taɓa ba shi ya jefa a jaka. Otal ɗin da kamfaninsu ke saukar da ma'aikata yana da ƙananan rassa a garuruwa, kuma a reshen Ngawundere, kusa da tashar jirgi, akwai wata ma'aikaciyar karɓar baƙi mai suna Odette. Ita ta yi masa bayani. Duk daren da ka kwana a ɗaya daga cikin rassansu, ko da kamfani ne ya biya, za a zuba maka maki a katinka, su suna cewa puwan. In makin ya taru sai ka kwana kyauta. Har a babban otal ɗinsu da ke kan tudu a bayan gari, bakin tafki, inda manyan mutane da Turawa masu yawon buɗe ido ke sauka? Har can, in ji Odette, sai dai wannan sai ka yi haƙuri na shekaru. Mahfuzu ya ce shekaru ba komai ba ne.

Sai dai akwai matsala guda, kuma ya gan ta tun a ranar. Shi bai saba kwana a otal ba in ya zo Ngawundere. Yana da masauki. Baba Muktar, tsohon dillalin shanu, shi ne mai masaukin ubansa, uban Baba Muktar kuma shi ne mai masaukin kakansa. A wurin irin waɗannan mutane masauki ba ɗakin kwana ba ne kawai. Wanda kake sauka gidansa shi ke tsaya maka a kasuwa, shi ke jinyarka in ciwo ya kama ka a hanya, in ka mutu a garin shi zai yi maka sutura. Ka shigo garinsa ka kwana a wani wuri, ka zage shi ke nan ba tare da ka buɗe baki ba. Amma gidan Baba Muktar ba ya ba da maki, kuma rabin tafiye-tafiyen Mahfuzu na Ngawundere ne.

Haka ya fara shigowa garin a ɓoye. Ya sauka daga mota ya sa hular kwano ya hau moto, ya kauce wa layin da Baba Muktar ke zama, ya yi tallarsa a gurguje ya shige otal. In tsohon ya kira waya ya ce masa aiki ya koma da shi wajen Marwa, Baba, yanzu ban cika gangarowa ba. Tun yana jin nauyin ƙaryar har ya saba.

Maki kuwa ya zame masa ciwo. Yana cikin cinikin allura da Bafillace sai ka ga ya ciro waya ya duba ko na daren jiya ya shiga. Ya san watan da ake ninkawa, ya san reshen da ke jinkirin zubawa, ya san wanda zai kira ya yi wa masifa. Abokan aikinsa in suna gudun tafiya, shi yake karɓa. Akwai ranar da ya gama aiki a wani gari mai otal mai kyau, ya ƙi kwana, ya bi hanya mai ramuka har Marwa don kawai otal ɗin can ba na katinsa ba ne. Ƙannensa suka sa masa suna Alhaji Puwan. Abin dariya da ban tausayi, don ya sama wa Hidaya hutu sai ya ƙara yin nesa da gida, aikin da yake ɗan rage mata na kai yara lekol da sayo cefane shi ma ya dawo kanta. Shekara huɗu ana haka.

A shekara ta huɗun makin ya kai kwana uku a babban otal, ɗaki mai kallon tafki. Ya zaɓi watan Afrilu, lokacin da Garuwa ke tafasa, mutane na kwana a tsakar gida suna yayyafa wa tabarma ruwa, Ngawundere kuwa ruwan farko ya sauka ana sa rigar sanyi da safe. Ya kira Odette, wadda a lokacin an mai da ita babban otal ɗin, ta kama masa ɗakin. Ya samu ƙanwarsa ta yarda za ta zo ta riƙe girki da yara. Komai ya shirya, har motar da za su shiga da kujerar da Hidaya za ta zauna kusa da taga.

Abu ɗaya ya manta, kuma mantuwa ce irin ta mutumin da tafiya ta zame masa kamar zuwa masallaci. Shi yakan saɓa jaka ya fita ba wanda ya sani. Mace kuwa, wadda rabonta da barin gari an manta, ba ta tafiya ba sallama. Hidaya ta bi dangi da maƙwabta gida-gida, kafin magariba duk Yelwa ta san za ta Ngawundere. Hajiya Rabi ta kira ɗanta ɗakinta, ya tarar da ƙunshi a gabanta, bandar kifin Lagdo da daddawa da kilishi.

"Saƙon Balkisu ne," in ji ta. Balkisu ita ce matar Baba Muktar. "Na riga na buga musu waya. Murna kamar su yi me."

"Hajiya, otal fa za mu sauka."

"Otal? Da matarka? Ai wanda ba shi da kowa a gari shi ke sauka a otal." Ta tura masa ƙunshin. "Kai dai ka kai saƙo hannu da hannu."

Saƙo ba a ƙin sa, balle na uwa. Mahfuzu ya fito yana zagaye tsakar gida yana shirya dabara. Za su sauka, su biya su miƙa kifi, su gaisa a tsaye, ya ce aiki ke jiransa, su wuce. Ya maimaita wa kansa wannan har ya yarda da shi.

Da motar ta fara hawan duwatsun da ke gaban Ngawundere iska ta canja. Hidaya ta kara fuskarta a taga ta lumshe ido, ta ce ashe sanyi yana da ƙamshi. Shi kuwa yana ta ba ta labarin abin da za ta gani, bahon wanka da ake kwanciya a ciki, gadon da in ka hau sai ka nutse, teburin karin safe. Tana ta dariya tana cewa ya rage ƙari. Rabonsa da ya ga ta yi irin wannan dariyar ya daɗe.

A tashar mota dabararsa ta mutu. Baba Muktar da kansa ne zaune a kan benci, da babbar riga da sanda, tun hantsi yake jira. Ya tsufa fiye da yadda Mahfuzu ya bar shi. Ya miƙe da ƙyar ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki. "Jabbama, sannu da zuwa, ɗan Mahamman. Yau ka tuna da gida." Ya juya ga Hidaya ya ce, "'Yata, sannu da hanya, uwarki tun jiya ba ta zauna ba." Har tasi ya riga ya tsayar. Mahfuzu ya ɗauki jaka ya sa a but.

A gida suka tarar an riga an shanya fatar rago. Ɗakin da Mahamman ya saba kwana an yi masa sabon farin fenti, an saka sabuwar katifa da gidan sauro. 'Ya'yan gidan mata duk sun yi aure sun tafi, saura tsofaffin biyu. Inna Balkisu na zaune a 'yar kujera gaban wata ƙatuwar tukunya, gwiwoyinta a kumbure, tana kokawa da muciya don Baba ya gayyato rabin layi cin abincin baƙi. Ba wanda ya ce wa Hidaya ta yi komai. Amma wace 'yar mutunci ce za ta zauna a kan tabarma tana shan fura, sa'ar uwarta na tuƙa tuwon mutum ashirin? Ta cire mayafi ta ɗaura zane.

"Kawo, Inna."

"A'a, ke baƙuwa ce, je ki huta," in ji Inna Balkisu, amma hannunta ya riga ya saki muciyar.

Mahfuzu yana zaure cikin dattawa, ana ta ba shi labarin ubansa, ƙafarsa na rawa a ƙarƙashin riga. Bayan la'asar ya ce zai ga wani mai sayen magani, ya tare ɗan moto ya ce masa ya hau tudu da sauri. Odette ta tarbe shi da fara'a. "Misye Mahfuzu, yau dai ga ranar. Ina madam?" Ya ce tana tafe. Ya tambaye ta ko za a iya ɗaga kwanakin zuwa wani mako. Ta girgiza kai. Tunda ranar ta zo makin ya riga ya fita, daren da ba a kwana ba ba ya dawowa. Ta ba shi makulli ya hau shi kaɗai.

Ɗakin ya fi yadda ya yi ta faɗa. Ga gado fari tas, ga taga daga sama har ƙasa tana kallon tafki, ga kwandon mangwaro da fiya a kan tebur, ga rigunan wanka biyu a rataye. Ya buɗe famfo ya rufe. Ya kunna na'urar sanyi ya kashe, don ɗakin ba ya ma bukata. Ya zauna a bakin gadon, ya zabura ya gyara inda ya lotsa, ya kulle ya sauko ya koma gari kafin a neme shi sallar magariba. Da ya samu Hidaya ita kaɗai wajen randa ya raɗa mata su sulale bayan an ci abinci, ta dube shi ta ce, "Haba Baban Fiddausi, da ragon mutane a cikinmu? Bari dai gobe."

Gobe kuwa Juma'a ce. Baba Muktar ya riƙe hannunsa zuwa masallaci, ya riƙo shi zuwa gida, bayansu tsofaffin dillalai da suka san Mahamman. 'Ya'yan gidan suka zo da jikoki ganin baƙuwa, kuma da yake sun ci kwalliyar Juma'a, baƙuwar ce ta ci gaba da zama a madafa. Aka yi waina, aka yi miyar taushe, aka soya sauran rago. Mahfuzu ya sake sulalewa ya hau tudu, ba don komai ba sai don ya kasa zama. An gyara gadon da ba wanda ya kwanta a kai, an canja tawul ɗin da ba wanda ya taɓa. Ya kwashe ƙananan sabulai masu ƙamshi da mangwaro biyu ya cusa a aljihu ya dawo, ya same ta a bayan madafa tana wanke-wanke, ya miƙa mata kamar wanda ya yi abin kirki.

"Ajiye can, hannuna da kumfa," in ji ta. Ta ɗauraye kwano ta kife. "Kada ka ɓata wa tsoho rai saboda ni. Ka ga yadda yake murna. Ni dama can ban sa rai sosai ba."

Da zagin sa ta yi da ya fi masa sauƙi. Shekara huɗu yana gudu a kan hanya yana ɓuya a cikin hular kwano, ita ashe ko sau ɗaya ba ta yarda abin zai faru ba. Ba don tana ganin maƙaryaci ne ba, don dai ta saba hutu ba nata ba ne. Ya tsaya da mangwaro a hannu, ta ce ya matsa kada ruwan wanke-wanke ya ɓata masa rigar Juma'a.

Ran Asabar saura dare ɗaya. Tun safe yake shiga yana fita, ya je bakin titi ya dawo, ya shirya magana ya rushe. Bayan azahar, da zaure ya rage daga shi sai Baba Muktar, ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ina da magana."

Duk tsarin da ya yi ya watse. Ya fara da otal, ya koma kan kati, ya yi bayanin maki kamar tsohon zai saya, sannan ya ji bakinsa ya faɗi shekara huɗu. Baba Muktar ya saurare shi har ƙarshe yana jan carbi.

"Shekara huɗu kana kwana a garin nan."

"I, Baba."

"Na sani. Garin nan bai kai girman da kake zato ba. Na gan ka a bakin tashar jirgi, na gan ka a kasuwar shanu. Akwai ranar da har na ɗaga maka hannu, ka sunkuya kana duba waya. Na dawo na ce wa Balkisu ƙila mai kama da kai ne." Ya ajiye carbin. "Da uwarka ta bugo, na ce to, ko me na yi masa ya huce."

"Ba ka yi mini komai ba, Baba. Ba gidanka na guda ba. Alkawari na yi mata za ta huta, ko na kwana uku ne. Ga shi tun da muka zo ba ta zauna ba."

Tsohon ya dafa sanda ya miƙe, ya taka zuwa ƙofar da ke shiga cikin gida, ya ɗaga labule. Mahfuzu na bayansa yana gani ta saman kafaɗarsa. Hidaya na sunkuye tana goge gindin ƙatuwar tukunyar da toka, goye da jikan gidan da uwarsa ta bari. Can a inuwar mangwaro Inna Balkisu ta miƙe ƙafafu a kan tabarma tana barci, baki a buɗe. Baba Muktar ya daɗe yana kallon su biyun, sannan ya saki labulen.

"Ɗauki matarka ku tafi," in ji shi. "Ban san aiki na kira baƙuwata ba."

"Gobe za mu biyo mu yi sallama kafin mu shiga mota."

"Ba sai kun biyo ba. Hanyar tasha ba ta nan ba ce."

Mahfuzu ya ci gaba da durƙuso yana jiran albarkar da tsohon ya saba sa masa, mai tsawo, wadda ke farawa daga kakansa. Baba Muktar ya jawo rediyonsa yana neman tasha, ya ce Allah ya kiyaye hanya, kamar yadda ake gaya wa kowane mai wucewa. Nan Mahfuzu ya san masaukin da kakansa ya buɗe a hannunsa ya rufe, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya shiga ya gaya wa Hidaya ta kwance goyo. Ta dubi fuskarsa, ta kwance. Inna Balkisu ta farka ta rasa gane abin da ake ciki, ta bi su har ƙofa da ƙunshin soyayyen nama.

La'asar sakaliya suka isa kan tudu. Hidaya ta cire takalmi a bakin ƙofar ɗakin, ya ce ba sai ta cire ba. Shi ya riga ya fara, zo ki ga bahon, zo ki ga tafkin, an jima za mu sauka cin abinci a waje inda ake kunna fitilu, gobe da sassafe akwai kwalekwale. Ta leƙa bayin, ta leƙa tagar, ta ce masha Allah. Sannan ta shafa zanen gadon da bayan hannu, don tafinta duk baƙin tukunya ne.

"Bari in ɗan kishingiɗa."

Ko mayafi ba ta cire ba. Kafin ya gama jera sabulai a inda ya kwashe su, barci ya tafi da ita. Da magariba ya tashe ta, ta yi alwala ta yi sallah ido rabi a rufe, ta jira isha'i a kan sallaya tana gyangyaɗi, ta idar ta koma gado. Abincin waje da fitilunsa bai samu ba. Ya ci naman Inna Balkisu shi kaɗai a baranda, ya kira lambar Baba Muktar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

Da asuba ma haka aka yi, ta yi sallah ta koma. Rana ta fito a kan tafki, kwalekwalen ya tafi da wasu. Ya sauka ɗakin karin safe, wannan teburin da ya jawo duk maganar, ya cika faranti biyu ya roƙi a bar shi ya hau da su. Ya ajiye a kusa da ita ya tsaya. Sau biyu ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗarta, don ransa na son ta ga abin da ya tara mata, ko da sau ɗaya ne ta ci ƙwan da ba ita ta soya ba yana da zafi. Sau biyun ya janye hannun. Ya ja labule ya tare mata rana, ya fita a hankali ya ja ƙofa.

Yana tsaye a bakin ƙofar sha biyun rana ta yi, lokacin barin ɗaki. Wata mai gyaran ɗakuna ta turo kekenta cike da zannuwa, sunanta Brigitte a rubuce a ƙirjin riga. Ba za ta wuce sa'ar Hidaya ba.

"Lokaci ya yi, misye."

"Na sani. Matata ce a ciki, barci take yi."

"Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Barci kawai take yi."

Ba shi da sauran maki, ba shi da wata hujja, kuma bai yi ƙoƙarin ƙirƙiro wata ba. Brigitte ta dubi ƙofar, ta dube shi.

"Yara nawa?"

"Huɗu. Da sauran mutanen gida."

Ta juya kan keken. "Zan fara daga can ƙarshe," in ji ta. "Ɗakunan da yawa, kuma yau ba na sauri."

Motar da ya kama musu kujera ta tashi ba su. Ya buɗe ƙofar kaɗan ya leƙa ko hayaniyar ta tashe ta. Tana nan yadda ya bar ta, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci, farantan sun huce a gefenta. Sai ya ji wani ɗan siririn sauti yana fita yana komawa, ya kasa kunne ya rasa daga ina, sannan ya gane. Kullum sai ya yi barci take kwanciya, ita ke tashi kafinsa. Shekara goma sha biyar suna tare, sai yau ya san Hidaya tana minshari.